Isaka Bai Kashe Kawuna Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna, Ticha Simon, ƙanen mahaifiyata. Da wata biyu da suka wuce aka ce in rubuta wani abu a kansa, da na rubuta irin abin da kowa ke rubutawa: mutumin kirki ne, ya koyar da yara, Ubangiji ya ba shi hutu. Yau ba zan iya wannan ba. Daga Salaga nake rubutun nan, garin da ban taɓa kwana cikinsa ba sai makonni uku da suka wuce. Gidanmu Bawku ne. Abin da ya fitar da ni daga gida bidiyo ne na minti biyu. A ciki akwai hoton Kawu, akwai muryata ina waƙa, akwai fuskar wani mutum mai suna Isaka an zagaye ta da jan layi. Bidiyon ya ce Isaka ne ya ɗauki Kawu ya kai wa waɗanda suka kashe shi.

Ba wanda ya kashe Kawu. Hawan jini ne ya buge shi da rana tsaka, Isaka kuwa shi ya kai shi asibiti. Tun ranar da bidiyon ya fita, mutumin nan bai leƙa ƙofar gidansa ba.

Ba zan ambaci ƙabila ba. Duk wanda ya san Bawku ya san gari ne mai ɓangare biyu, ya san akwai titin da wasu ba sa tsallakawa. Mu muna wannan gefe, Isaka yana wancan. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Kawu malamin firamare ne. A nan Salaga ya fara aiki, aka mai da shi Yendi ya yi shekaru, sannan ya dawo gida. Matarsa ta riga shi tafiya, ba su haihu ba, shi ya sa ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa. Ya dawo da akwatin ƙarfe cike da littattafai, da tsohuwar jita, da wani majigi da sai an ɗan buga masa hannu yake tashi. Kowace Lahadi bayan an fito sujada an ci abinci, sai ya toshe tagogin ɗakin taron coci da tabarmi da buhunan albasa, ya rataya farin zanen gado, ya nuna mana fim. Dattawa sun sha kai ƙararsa wurin Fasto, don har fim na faɗa da bindiga yana sakawa. Mu kuwa abin da ke ba mu haushi daban ne. Daidai lokacin da jarumi ya shiga gidan mugu yana zubar da masu gadi ɗaya bayan ɗaya, muna ihu muna tafi, sai Kawu ya danna ya tsayar da fim.

"Wancan da ya faɗi bayan ganga, wane ne?"

"Ticha, ba kowa ba ne! Saki fim!"

"Ba kowa ba ne ya sa takalmi? Ku ba shi suna."

"Sunansa Matacce!" in ji wani daga baya, ɗaki ya ɗauki dariya.

"To madalla. Uwar Matacce fa? Yau da ta ɗora tukunya, garin mutum nawa ta auna?"

Ba ya sakin fim ɗin sai mun ba mutumin suna, mun ba shi gari, mun faɗi abin da ya sa ya karɓi aikin gadi. Yakan ce mai fim daƙiƙa biyu ya ba shi, amma Allah shekara talatin ya yi yana rainonsa, kuma Almasihu ya mutu dominsa kamar yadda ya mutu domin jarumin. A lokacin ina ganin ɓata mana Lahadi kawai yake yi. Littafi ma haka. In ka ara ka dawo da shi, ba ya tambayar ko ya yi daɗi. Cewa yake: "Wa aka hana magana a ciki?"

Waƙoƙinsa da Hausa yake rubutawa, don ita ce kowa ke ji a kasuwa, ba ta wannan gefe ba ce, ba ta wancan ba. Lokacin da rikici ya fara cin samari a gari, ya rubuta wata mai baiti uku, ya ce ni zan riƙa ja. A baitin farko uwa ce ke cewa ta tuƙa tuwo ta rufe, ɗanta bai dawo ba. A na biyu tana yi wa Ubangiji kuka, tana cewa ƙasa ta sha ta ƙoshi, har yaushe. A na uku sai ta juya ga wata uwar da ke tsallaken titi, ta ce na ji kukanki, irin nawa ne, matsa min a tabarmarki. Doka ɗaya ya kafa mana: ba a rera biyu a tsaya. Ya ce min, "Lamisi, in murya za ta ƙare miki, gara ki tsallake na farko ki kai na ƙarshe."

Ranar da ya faɗi Talata ce, ina gida hutun makaranta. Ya ci abinci, yana zaune ƙarƙashin dogon yaro yana ɗaure igiyar jita, sai na ga jitar ta zame daga cinyarsa, bakinsa ya karkace. Na yi ihu, Mma, mahaifiyata, ta fito a guje. Ba a daɗe ba Isaka ya tsaya a ƙofar gida da keken haya mai ƙafa uku, wanda muke kira yalo-yalo. Shi ya tallafo Kawu da hannunsa ya kwantar a baya, ni na shiga na ɗora kansa a cinyata. Muka bi ta tsakiyar unguwarsu, don hanyar asibiti ke nan, ba wanda ya tare mu. Ya tsaya tare da mu har la'asar, ya kawo min ruwa, ya je ya yi sallarsa ya dawo. Washegari da hantsi Kawu ya cika. Takardar likita tana nan cikin jakata, an rubuta abin da ya kashe shi.

Daga nan ne kuskurena ya shigo. A wurinmu binnewa daban, babban makoki daban. Sai an gama girbi, 'yan uwa na Kumasi da Akara sun samu zuwa, sannan a kafa rumfuna, a jera kujeru, a kawo manyan sifika. Akwai mai sanarwa da makirfo, aikinsa ya kira sunan duk wanda ya zo gaisuwa, don dangi da gari su san wanda ya tsaya da ku ranar baƙin ciki. Wanda ba a kira sunansa ba kamar bai zo ba ne. Akwai kuma mai ɗaukar bidiyo, ya ɗauki komai daga safe har yamma, a tura wa duk ɗan uwan da bai samu zuwa ba. Isaka ya zo. Ya tsallako titin nan ya zo, ya tsaya can bakin rumfa bai zauna ba, kuma na ga ana ta kiran manyan mutane shi ba wanda ya kula. Abin ya yi min ciwo. Na yagi takarda na rubuta sunansa da abin da ya yi, na miƙa wa mai sanarwa. Shi kuwa mutum ne mai son jan magana.

"Jama'a, ku dube shi, ga shi can! Isaka mai yalo-yalo! Shi ne ya ɗauki Ticha ranar ƙarshe, ya kai shi asibiti, ya tsaya har yamma! Allah ya saka masa!"

Kyamara ta juya kansa. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai. Aka yi tafi. Bayan nan na tashi na rera waƙar Kawu, baiti uku cif. Ranar na koma gida ina ganin na yi abin da Kawu zai yi alfahari da shi.

Makonni huɗu da suka wuce ina zaune a rumfar albasar Mma a kasuwa, wasu samari biyu na gefenmu suka tsaya da babur. Ɗaya ya sara min kamar soja.

"Ga mai muryarmu! Sista, kin sa maza kuka fa."

Na ce wace murya. Ya miƙo waya. Hoton Kawu ne ya fara fitowa, wanda muka buga a rigunan makoki. Sai muryata, na tuƙa tuwo na rufe, a kan hotunan gidaje da suka ƙone waɗanda ban ma san na wane gari ba ne. Sai mai sanarwa: ku dube shi, ga shi can, shi ne ya ɗauki Ticha ranar ƙarshe. Nan aka yanke. Babu asibiti, babu Allah ya saka. Aka rage gudun hoton daidai inda Isaka ke sunkuyar da kai, aka ja jan layi, aka rubuta cewa har makoki ya zo don ya tabbatar aiki ya yi. Muryata ta dawo tana tambayar Ubangiji har yaushe, aka rufe da ƙarar bindiga. Baiti na uku babu shi.

Na ce musu ƙarya ce, ina cikin keken. Ɗaya ya yi dariya ya ce ai yarinya nake lokacin, ba a gaya min komai ba. Ɗayan bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Sista, ki iya bakinki. Kada mutane su ce kin tsallaka titi."

Ban san wanda ya haɗa bidiyon ba. Bidiyon makokin yana hannun dangi sama da yadda zan iya ƙirgawa, ni da kaina na tura wa wasu. Abin da na sani shi ne inda na ƙara ganinsa: a guruf ɗin matasan cocinmu na waya, inda muke tura wa juna saƙonni. Waɗanda suka zauna ƙarƙashin farin zanen gadon nan, waɗanda suka raɗa wa masu gadi sunaye, su ne ke turawa suna sa alamar hawaye da ta addu'a. Wata ta rubuta cewa jinin bawan Allah ba zai tafi a banza ba. Wasu cikinsu sun je asibiti sun gan shi a kwance ranar. Wannan ne ya fi firgita ni, fiye da saurayin kasuwa. Fasto ya sa aka goge daga guruf, ya ce a yi addu'a a kame baki. An goge. Amma ba wanda ya miƙe ya ce ƙarya ce.

Mma ta ce in yi shiru. Ta ce ita gwauruwa ce, rumfa ɗaya gare ta da 'ya ɗaya, ba za ta binne ni kusa da ƙanenta ba. Kwana biyu bayan nan saƙon murya ya shigo wayata daga Fati, matar Isaka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce sau biyu wasu a kan babur sun je tasha suna tambayarsa. Ta ce keken yana cikin gida an lulluɓe da tabarma, yara ba sa zuwa makaranta, samarin unguwarsu kuma suna cewa in aka taɓa shi ba za su ƙyale ba. A ƙarshe ta ce, "Lamisi, ke kina ciki fa. Ki faɗa musu mana." Mma ta ji saƙon. Washegari ta haɗa min jaka ta sa ni a mota.

Muka bi ta Garu muka gangaro. A tashar Yendi ina jiran motar Salaga, wata mata da ke kusa da ni a benci, da sarƙar gicciye a wuyanta, ta kunna waya. Tun kafin kalma ta farko na gane numfashin da nake ja kafin in fara. Ta kalla har ƙarshe tana share ido da bakin zane. Ta juyo ta ce, "'Yata, kin ga wannan? Malamin nan ya koyar a garin nan, ya koyar da ƙanena. Dubi fuskar mugun, ko kunya." Ta sake kunnawa. Ni da ke da muryar, ni da ke da takardar likita a jakar da ke kan cinyata, na ja gyale na rufe rabin fuskata na ce, "Allah ya kyauta." Abin da na ce ke nan. Matar nan ba muguwa ba ce. Ta ba ni ƙosai kafin motarta ta tashi. Ta tafi da ƙaryar a wayarta, ni na bar ta ta tafi da ita.

Tun daga ranar nake tambayar kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan zamani. Shi ya saba da fim ɗaya, ɗaki ɗaya, da maɓallin tsayarwa a hannunsa. Yanzu kowa da nasa majigin a aljihu, yana kallo shi kaɗai, kafin ya gama haɗiye hawaye ya tura wa mutum ashirin. Ba mai tsayarwa ya ce wancan wane ne. Ina jin ba bindigar da aka sa a ƙarshe za ta fi ƙona masa rai ba. Kyawun abin ne zai ƙona masa rai, don gaskiya an iya haɗawa. Waƙar tana ratsa jiki, ni kaina da na san ƙarya ce tsigar jikina ta tashi. Kawu ya yarda waƙa tana iya buɗe zuciya, amma ban taɓa jin ya ce duk abin da ya shiga ta ƙofar nan alheri ne ba. Mu Kiristoci muna son mu ce Allah yana tare da wanda aka zalunta, kuma haka ne. Sai dai mun saba ɗauka mu ne waɗanda aka zalunta kullum. A wannan labarin wanda aka zalunta Musulmi ne daga wancan gefe, mai 'ya'ya uku da keke ɗaya, kuma da waƙar cocinmu ake farautarsa.

A Salaga gidan Hajiya Memuna aka sauke ni, dillaliyar doya, jikar fataken goro. A gidan mahaifinta Kawu ya zauna lokacin yana saurayi, zumuncin bai yanke ba. Tana yi min tsiya wai Hausar Bawku kamar an tauna an tofar, ita ta gyara wa Kawu tasa. Sati biyu ba ta tambaye ni komai ba. Rannan muna zaune tana ware doyar da ta fara ruɓa, na ba ta labari duka, har na Yendi.

"Simon?" ta ce. "Simon da ya hana ƙannena kallon fim lafiya? Shi aka mai da gangar yaƙi?" Ta ajiye wuƙa. "Ɗakin nan naki ne, ko shekara za ki yi. Ba na korar 'yar Simon. Amma tambaya ɗaya zan yi miki. A addininmu, wanda ya ga abu da idonsa ya ɓoye shaida, zunubinsa ba ƙarami ba ne. A naku fa, kyauta ne?"

Na ce ba kyauta ba ne.

"To, ci gaba da miƙo doya."

Ga shaidata, a inda kowa zai gani. Ni Lamisi, 'yar yayar Ticha Simon, ni ce mai waƙar da ke cikin bidiyon nan, kuma ban yarda a yi yaƙi da muryata ba. Kawuna ciwo ne ajalinsa. Isaka ya ɗauke shi daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar asibiti, bai tsaya ko'ina ba, ina ciki. Ni na sa aka kira sunansa a makoki don in gode masa, kuma sunkuyar da kan da kuka gani kunya ce ta mutumin da aka yaba a gaban jama'a. Matar tashar Yendi, in wannan ya iso gare ki, ki yafe min. Ni ce yarinyar da kika ba ƙosai.

Na zauna na auna abin da ya rage na Kawu bayan shekara huɗu, ban ga da yawa ba. Majigin ya mutu, littattafan sun watse a hannun mutane, jitar gara ta ci. Ɗalibansa da yawa sun tura bidiyon. Ni da ya yi rainona na yi kusan wata ina ɓoye fuska. Na kusa rubuta cewa aikinsa ya bi shi kabari, sai dai na kasa barci tun daga Yendi, kuma ina jin wannan rashin barcin ma nasa ne. Ko ya isa ya ceci Isaka, ban sani ba. Tsoro nake ji har yanzu, kuma ban san ranar da zan koma Bawku ba.

Jiya da safe, kafin in aika wannan rubutu, na kira Mma na karanta mata. Na shirya za ta yi faɗa, za ta ce na kashe ta da ranta. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta, wata tana taya albasa.

"Kin sa sunanki?"

"Na sa, Mma."

"Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar nan sai da na kira masu keke biyu na gefenmu. Duk suka ce ba za su bi ta unguwar can ba. Sannan na kira Isaka, don shi ke ɗaukar min buhuna kafin gari ya lalace. Kafin in gama magana ya ce ga shi nan." Ta ja numfashi. "Ki ƙara wannan. Ki rubuta Asibi mai albasa, layin tsakiya, ita ta kira shi. In za su zo, kada su sha wahalar nema."